Gwaggo Mai Wankan Gawa da Ta Koma Kan Masu Rai

Shekara talatin ke nan, duk gidan da mace ta rasu a unguwar, Gwaggo ake kira. Takan ɗauki sabulu da safar hannu, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Abin da ta gani a ciki ba ya fita daga bakinta. Guda ɗaya tak take faɗa, shi ma don na gidansu ne.

Ranar nan gawar ƙanwarta ta zo wankewa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana yaye zane ta ga nonon hagu naɗe da tsumma, gyambo ya ci har hammata. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa. Kwano ɗaya suke ci da matar nan, amma ba ta taɓa ce mata uffan ba.

Ta fito ta tambayi 'yar marigayiyar, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu, Gwaggo. Kamar ƙwayar wake ya fara. Ta ce kunya take ji, kada in faɗa."

Tun daga nan, in ta gama wanka sai ta zauna cikin mata ta ce, "Duk wata, in kin gama al'ada, tsaya gaban madubi, ɗaga hannu, ki bi nonon da yatsu uku har hammata. Kin ji ƙullutu, ko fata ta lotsa, ko kan nonon ya shige, ko jini na fita, sai asibiti. Ba kowane ƙullutu ne ciwon daji ba, amma likita ne zai faɗa."

Mata suka riƙa zare ido. Wata mai kitso ta ce, "Gwaggo, awon likkafani kike yi mana?"

"Ba na gaggawarki, 'yata. Je ki duba."

Ta duba, ta kuwa samu ƙullutu. Ta zo, Gwaggo ta raka ta asibiti, aka cire da wuri. Yau shekara tara, tana nan tana kitsonta.

Bana gwiwa ta hana Gwaggo durƙuso, ta ajiye aikin. Ke ce mai rufa asirin matattu, Gwaggo, kuma ke ce kika ƙi bari masu rai su rufe nasu. Mun gode, Allah ya saka.

Mata, ku duba, ku kuma faɗa wa 'yan'uwanku. Gwaggo ta ce ta gaji da gani bayan an makara.