Mansura da Asirin Injin Malbaza

Rigimar farko da Mansura ɗiyar Labo ta yi a wurin aiki, da famfon keke aka kayar da ita.

Sati biyu ke nan da fara sitaj ɗinta, wato koyon aiki, a kamfanin Alhaji Wakili, mai manyan motocin jigilar siminti. Buro uku gare shi: Kwanni, Malbaza da Illela. Kowane buro da babbar ordinatar, wato kwamfuta, da ake kira sabar, ita ke fitar da takardar lodi. In babu takardar nan, direba ko ɗan uban wane ne shi, sai dai ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota ya yi ta korar ƙuda.

Ran nan aka ɗauke wuta a Malbaza, aka maido, sabar ta ƙi ba da takarda. Mansura ta leƙa ta ce manhajar da ke buga takardar ce ba ta tashi ba, a ba ta kalmar sirri ta tashe ta. Shafi'u, wanda ke riƙe da injinan tun Alhaji na da mota huɗu, ya dube ta kamar akuya ta yi masa sallama. Ya ce ƙura ce. Ta ce ƙura ba ta shiga manhaja. Ya ce a Malbaza ƙura har zuciyar mutum tana shiga. Direbobi suka cika taga, don su dai ba su da abin so irin faɗan da ba nasu ba.

Shafi'u ya zaro famfon keke daga jakarsa, ya hura wa injin iska ta gaba ta baya, yana nishi kamar mai jan guga. Sannan ya baza babbar rigarsa kamar tolotolo, ya ba kowa baya, yatsunsa suka ɗan yi rawa, sai ga takarda tana fitowa.

"Amshi, ɗiyata," in ji shi, yana miƙa mata famfon. "Wanga shi na diflom ɗin da ba su ba ki ba a makarantar Tawa."

Kafin la'asar sunan ya isa Kwanni, ya riga motar da ta maido ta. Madam Famfo. Har mai waina a bakin tasha da shi ta gaishe ta. Da Alhaji ya ji labari ya yi dariya har hula ta faɗi, kuma ya ce in damina ta sauka bai ga amfanin yarinyar nan ba, ta koma gidan ubanta, mai gyara ɗaya ya ishe shi.

Da sun tambayi mutanen unguwarsu, da sun bi a hankali. Mansura ba ta faɗa, ba ta zagi, ajiya take yi. Tana 'yar aji uku a lakwal wata yarinya ta fasa mata tulu a bakin rijiya. Sai da ta jira shekara biyu cur, ranar da yarinyar ta sha lalle ta yi kwalliyar salla, sannan ta ba ta hanya ta wajen kwata, kwalliya ta ƙare a cikin taɓo. Uwarta Gimbiya, mai fura, takan ce wannan ɗiya tata ko sauro ya cije ta sai ta tambayi gidansu. Ubanta kuwa, Labo mai gyaran rediyo a kasuwar Kwanni, shi ya koya mata cewa duk kusar da ka kwance ka zana inda ka cire ta, don kai tukunya ce mai yoyo.

Abin da ta gani a ƙarƙashin hannun rigar nan bai fita ranta ba. Mutumin layi guda ya rubuta. Da gangan ya saita injinan yadda in wuta ta tafi ta dawo ba za su tashi da kansu ba, sai an kira shi. Kuma kiran Shafi'u ba ƙaramin biki ba ne: a aika masa motar Alhaji, a yanka zabo, a ce sannu Malam, ya zo yana taku ɗai-ɗai. Kowane inji da irin ɗinkin da ya yi masa da hannu, babu mai kama da ɗan'uwansa, babu ko harafi a takarda. In an yi magana ya ce haka sana'a ta gada, wanzami ma ba ya buɗe zabira gaban baƙo. Mai son asiri ya yi bauta.

To, ta yi bautar. Ta ɗauki jakarsa, ta dafa masa shayi, ta ce Malam sau goma kafin hantsi. Shi kuwa ya saki jiki, ya ce yarinya ta yi hankali, ya ba ta aikin share ƙura da kalmar sirri ɗaya don ta kashe inji kafin ta share. Duk injin da ta share, sai ta kwafe saitinsa a 'yar kile, ƙaramar ma'ajiyar bayanai, da take ɗaure a bakin gyale.

A gida, bayan la'asar, takan zauna a gindin darbejiya da tsohuwar ordinatar ɗinta ta cinya. A cikinta ta ƙera wasu injina na gwaji, inji cikin inji, ba su da ƙarfe ba su da waya, amma suna aiki kamar na gaske. Guda uku ta yi, ta raɗa musu Kwanni, Malbaza, Illela. Daɗinsu shi ne ka lalata su babu mai kai ka gaban jandarma. Ka goge, ka sake haifar sabo kafin shayi ya huce. Sannan ta fara rubuta umarni a fayil guda: a sa manhaja kaza, a buɗe ƙofa kaza, in wuta ta dawo mai buga takarda ya tashi da kansa. Akwai manhajar da ke karanta irin wannan fayil, ta bi injina ɗaya bayan ɗaya ta saita su daidai da abin da aka rubuta, ba gajiya, ba zabo.

Kada a ce sauƙi ta samu. Sati ukun farko ja kawai allon ke nuna mata. Wata rana ta manta ta ware wa kowane buro sunansa, sai ga injin Illela yana buga takarda da adireshin Malbaza. Da na gaske ne, da direbobi sun sha kilomita a banza suna tsine wa kakanninta. Ta goge, ta sake. Takan zare wa injin gwajin wuta da gangan ta ga ko zai tashi. Gimbiya tana dama fura tana jin ɗiyarta tana cewa yau sau huɗu ta kashe Malbaza, sai ta ce Allah Ya sa dai mutanen garin sun yafe. Mansura ba ta dariya. Duk sanda allon ya yi kore, fuskar Shafi'u take gani.

Ta gama tun sanyi bai wuce ba, ta yi shiru. Ba gyara take so a ɓoye ba. A filin nan take so, gaban tagar nan, da direbobin nan.

Bazara ta kawo mata abin da take jira. Rana ta ƙwalle, ƙurar siminti ta yi aikinta na gaskiya, sabar Malbaza ta yi ƙauri ta mutu murus. Mota ashirin da uku a layi tun safe. Shafi'u ya hura iska har gumi ya jiƙa rigar, inji bai ko yi tari ba. Alhaji da kansa ya zo daga Kwanni, fuska a murtuke. Shafi'u ya ce sai an je Sakkwato an sayo wani, sannan ya zauna ya saita shi a tsanake: kwana uku, in Allah Ya so, huɗu.

Mansura ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta ce ko zai ara mata ordinatar da ke kan teburin sakatare, kafin a kira azahar. Wani direba, Alhasan, ya ce a ba Madam hanya. Aka yi dariya, ta bar su suka gama.

Ta girka wa injin sabon tushe, manhajar da sauran ke hawa kanta, ta haɗa shi da nata, ta danna. Ba ta ba kowa baya ba. Ta ma juya allon wajen taga. Layuka suka riƙa gangarowa, kore, kore, kore. Ta ɗora bayanan motoci da ta saba kwafewa duk Juma'a. Ladan bai taɓa lasifika ba takardar Alhasan ta fito, da lambar motarsa da buhu nawa. Dariyar da ke bakin Alhasan ta rasa hanyar komawa.

Nan ma ba ta tsaya ba. Ta roƙi Alhaji ya zare wayar wuta da hannunsa. Ya zare, ya mayar. Injin ya yi ɗan gurnani, ya tashi, ya ci gaba da buga takarda babu wanda ya taɓa shi. Alhaji ya daɗe yana kallon injin, sannan ya juya a hankali ya kalli Shafi'u, kallon mutumin da ke tuna zabin da aka yanka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shafi'u ya tashi da faɗa. Ya ce sata ce, ta ci amanar shayi, ta shiga zabirar da ba a buɗe mata ba. Mansura ta ce injinan na Alhaji ne, kuma fayil ɗin yana nan za ta bar shi a kowane buro, duk mai iya karatu ya karanta. Ya ce inji ya san hannun mai shi, gobe zai juya mata baya. Ta ce to gobe ta sake danna masa. Alhaji bai raba su ba. Hannu kawai ya miƙa wa Shafi'u, mabuɗan ɗakin inji yake nufi. Shafi'u ya riƙe aljihu gam, ya juya wajen taga yana neman mai goya masa baya.

"Ku shaida, jama'a. Shekara goma sha huɗu nika riƙe da injinan ga. Abin da ke cikin kaina, yarinyar ga ba ta iya ɗaukar shi ko a amalanke."

"Gaskiya ne, Malam, na ɗauka zai yi nauyi," in ji Mansura, tana naɗe wayarta. "Na rubuce shi duka. Layi sittin da biyu ne, har da bisimilla."