Yaya, Mai Zinaren da Ido Ba Ya Gani

Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina ninke wanki mijina ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba. Ya ce, "Yaya ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya, ke yayar mijina ce, amma ni na fi cin moriyarki. Wata shida da aurena likita ya ce ina da ciwon suga, na ɗauka labarina ya zo babin ƙarshe. Rannan na ɓare lemu, na huda yatsa don auna suga ban wanke hannu ba, na'ura ta nuna lamba mai firgitarwa. Na kira ki ina kuka, har na fara raba littattafaina. Kika zo kika sansana yatsana, kika ce, "Amarya, lemun kika auna, ba jininki ba. Tashi ki wanke hannu, gadon nan ba yau za a raba shi ba."

Washegari kika kai ni ɗakin bincikenku na kimiyya. Can na ga abin da ban taɓa karantawa a littafi ba: jan ruwa a 'yar kwalba, wai zinare ne. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, dubbai sai su jeru a faɗin silin gashi. Ana ɗiga shi a 'yar takardar gwaji. Da suga ya taɓa ta sai wata 'yar wutar lantarki ta motsa, na'ura ta karanta. Burinki a manna shi a fata kamar filasta, ya auna daga gumi, babu huda babu jini. Ranar na dawo gida ina ta zuba, har miyata ta ƙone ban sani ba.

Yanzu abokan aikinki sun ce filastar ta kai gwaji. Suna neman masu ciwon da za su manna ta wata uku, suna huda yatsa sau huɗu kullum don a kwatanta, idan ba a samu ba aikin ya tsaya. Da yawa sun ja da baya. Kin san tsorona da allura, shi ya sa ba ki taɓa tambayata ko zan shiga gwajin ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa iliminki ya zame miki sadaka mai gudana. Allah Ya ba Mama, da maigidanki, da 'yan biyunki, da mijina haƙurin rashinki.

Jiya na je na sa hannu. Ranar Litinin za a manna min.