Sama'ilu Mako Mai Zuwa

Idan ka sauka a Roni ka tambayi gidan Sama'ilu mai hatsi, sai an tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma kana cewa Sama'ilu Mako Mai Zuwa, ko mai shayin bakin tasha zai nuna maka layin da cokalin hannunsa. Shi kansa mai sunan ya daɗe da daina jin haushi. Yanzu ma idan hira ta yi daɗi shi yake jawo labarin, yana bayarwa yana yi wa kansa dariya, har ya zo wani wuri da muryarsa take sauka.

Maraya ne Sama'ilu. Tun bai gama wayo ba mahaifiyarsa ta rasu, yayanta Kawu Yakubu ya ɗauke shi ya riƙe. Da ya tasa, Kawun ne ya sayar da bijimin nomansa ya saya masa babur, ya shiga acaɓa. Daga ɗaukar fasinja ya koma ɗaukar buhunan dillalai, daga nan ya fara sayen gero da gyaɗa da kansa, yau yana kasuwar Gwiwa, gobe Kazaure, jibi Babura. Mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, ba ya tauye mudu. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk garin an sani: cikinsa ba ya riƙe albishir. Abin da zai yi baɗi, tun bana kowa ya ji.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya ce shi ya gama da hayar motocin mutane. Kuma ba zai sayi kwance ba, wadda wani ya gama tatse ƙarfinta. Sabuwa yake so dal, mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya, kujerunta cikin leda. Ya tafi Kano ofishin wani kamfani da ke harhaɗa motoci a kudu, aka ba shi ruwan sanyi, aka nuna masa hoton motar a bango, ya biya. Wakilin kamfanin, wani matashi mai laushin murya da ake kira Musaddiƙ, ya rako shi har bakin titi yana cewa ya je ya kwantar da hankalinsa, mako mai zuwa mota tana ƙofar gidansa.

A wajenmu, wanda ya yi sabuwar mota ba ya fara yawo da ita sai ya kai wa wanda ya haife shi ko ya riƙe shi, ya dafa ta ya sa albarka. Sama'ilu bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara gishiri. A gaban majalisar dattawan unguwa ya ce Kawu ne zai yage ledar kujerar gaba da hannunsa, kuma tafiyar farko Kanya Babba za a yi, wajen Adda. Adda ita ce babbar yayar su Kawu, su biyu suka rage a ɗakinsu. Sun daɗe ba su ga juna ba, don gwiwar Kawu ta hana shi hawa babur, ba kuma ya iya jure cunkoson motar kasuwa. Sama'ilu ya ɗaga murya ya ce daga yau Kawu ya gama shiga motar wani, in dai yana raye. Dattawa suka sa masa albarka, shi kuma ya koma gida kansa ya yi girma.

Kafin makon ya zagayo ya sayar da babur, don a ganinsa mai mota ba ya goya ƙura. Ya sayi abin maƙala makulli mai ƙyalli, ya sayi tsumman goge gilashi. Ya roƙi abokinsa Ashiru, mai wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi, ya koya masa tuƙi a filin ƙwallo. Sannan ya yi babbar ɓarnar: darbejiyar ƙofar gida, wadda Kawu yake shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashinta tun kafin a haifi Sama'ilu, ya sa aka sare ta aka gina gareji da rufin kwano. Kawu ya tsaya da sandarsa yana kallon masu gatari. Mutum ne mai kawaici, abin da ya ce kawai shi ne Allah ya sa a shiga a sa'a.

Mako ya zo ya wuce. Musaddiƙ ya ce kayan haɗin suna cikin jirgin ruwa. Wani makon ya ce jirgin ya iso amma ana jiran layi. Daga baya ya ce an haɗa ta, sai dai fenti aka yi mata shuɗi, shi kuwa fara ya zaɓa. Sama'ilu ya ce ko ruwan ɗorawa ce a kawo masa, Musaddiƙ ya yi dariya ya ce ai kamfani ba ya wasa da zaɓin abokin ciniki. Ana nan sai wayar Musaddiƙ ta fara shiga ba a ɗauka. Aka bar Sama'ilu da lambar babban ofishi, inda wata murya ta mace take gaya masa da Turanci cewa kiransa yana da muhimmanci, sannan a sakar masa kiɗa har katinsa ya ƙare. Ya ji kiɗan nan har ya haddace. Ranar da ya ji matarsa Bahijja tana rera shi tana tankaɗe, bai ci tuwon kirki ba.

Wata safiya saƙo ya shigo wayarsa cewa an loda motar a tirela. Wani mai hankali da sai ya jira ya ga ƙurar tirelar. Sama'ilu kuwa a take ya sa aka jiƙa shinkafa, washegari aka toya waina aka raba gida gida, sadakar isowar mota lafiya. Liman ya zo ya yi addu'a a cikin garejin da babu komai sai tsumman goge gilashi rataye a ƙusa. Unguwa ta ci waina ta sha miya, tirela ba ta zo ba. Da ya samu wani ya ɗauki waya bayan kwanaki, aka ce masa saƙon kuskure ne, na wani mutum ne a wata jiha, amma tasa tana nan tafe mako mai zuwa.

Daga nan sunan ya bi shi. 'Yan acaɓa, abokan aikinsa na da, su ne yanzu suke goya shi zuwa kasuwa, suna tambayarsa ko a rage gudu saboda mai mota bai saba da iska ba. Masu gaishe shi a masallaci sukan ce ya iyali, ya mai jiki, wato motar, ko ta fara samun sauƙi. Garejin ma bai zauna a banza ba. Da yake babu sauran inuwa a ƙofar gida, Kawu ya kwashe buzunsa ya koma ciki, dattawan majalisa suka bi shi. Bahijja ta ga wuri, ta jingina buhunan ƙaiƙayi a kusurwa, wata kaza ta zo ta yi ƙwai a kai ta ƙyanƙyashe. Sama'ilu yakan ce duk abin da ya shiga garejin nan ya yi albarka, ban da abin da aka gina shi dominsa.

A cikin wannan jira Adda ta fara aiko da saƙo. Na farko gaisuwa ce da ƙullin daddawa. Na biyu ta ce ta ji labarin mota, tana nan tana sauraron ƙaho. Na uku, bayan ruwa ya sauka, babu daddawa babu wasa: a gaya wa Yakubu jiki ya fara nauyi, ya zo su ga juna su yafi juna. Bahijja ta samu mijinta ta ce, “Baban Zara, ka ɗauki shatar motar Ashiru ka kai tsohon nan. Idan taka ta zo sai a sake komawa.” Ya ce bayan abin da ya faɗa a gaban dattawa, da wane ido zai kalli mutane yana tura Kawu a cikin wannan akwalar? A yi haƙuri, wannan karon an tabbatar masa. Shi da bakinsa ya je ya gaya wa Kawu mako mai zuwa, kuma muryarsa ta fita da laushi sak irin ta Musaddiƙ. Kawu ya ce Allah ya kai mu. Haka aka yi ta yi har gero ya fitar da kai.

Ranar wata Laraba da hantsi Sama'ilu ya fito zai tafi kasuwa, sai ya tarar da Kawu a tsakiyar gareji. Ba a kan buzu yake ba. Ya sa an ɗauko masa kujerar roba an ajiye a daidai inda kujerar gaba za ta kasance, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗora ƙullin goro da turmin atamfa a cinya. Sama'ilu ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya ko lafiya.

“Lafiya lau. Na shiga motar taka,” in ji Kawu. “Tayar da ita mu tafi.”

Dattawan da ke gefe babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Kunya ta rufe Sama'ilu tun daga kai har ƙafa. Ya miƙe ya nufi gidan Ashiru da sassarfa. Shi da kansa ya tura motar har ta tashi, a gaban duk waɗanda yake tsoron su gan shi, ya kwantar da kujerar gaba saboda gwiwar Kawu. Babu wanda ya ce masa kanzil. Ashe duk abin da ya yi watanni yana gudu bai wuce haka ba.

Suka bi ta Kazaure, motar tana tari tana hutawa, suka isa Kanya Babba bayan azahar. Adda tana kwance a ɗaki. 'Yarta ta ce tun makon jiya ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi, ba ta iya magana. Kafin nan kuwa kullum sai ta sa an fitar da ita zaure, wai kada mota ta zo ba ta ji ba. Kawu ya zauna a bakin gado ya kama hannunta mai motsi. Ta gane shi, don hawaye ya gangaro mata. Bakinta ya yi ta motsi, abin da take son faɗa bai fito ba. Kawu ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ya roƙi ta yafe masa, sannan ya jira amsarta. Ta matse masa yatsu. Sama'ilu yana tsaye a bakin ƙofa, abin maƙala makullin nan yana aljihunsa, ya ji ya tsani kansa. Ba a yi sati ba Adda ta rasu, kuma a motar Ashiru aka koma gaisuwa.

Mota ta zo bayan an gama girbi, ba tare da ko saƙo ba. Direban tirela ne ya kira daga bakin tasha yana tambayar kwatance, mai shayi ya nuna masa. Shuɗiya ce, ba fara ba. Unguwa ta fito, aka kori kaji daga gareji, aka yi ta Allah ya sanya alheri. Sama'ilu ya kamo hannun Kawu ya kawo shi. Tsohon ya dafa motar ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, babu abin da ya rage. Ya yage ledar kujerar gaba kamar yadda aka yi alkawari, aka taimaka masa ya zauna, ya yaba laushinta. Sama'ilu ya zagaya ya shiga, ya tayar, ta tashi bugu ɗaya. Ya riƙe sitiyari, kuma don bakinsa ba ya iya shiru, ya tambayi Kawu ina za su fara zuwa.

Kawu ya dubi hanya ta cikin gilashi.

“Wadda za mu je wajenta ta riga mu tafiya,” ya ce. “Zagaya da ni bayan masallaci ka dawo da ni, kada a ce ban shiga ba.”