Shanun da Ban Rubuta Ba

Har yau ban manta ranar da muka kai gwajin katun ɗinmu na farko Kebbe ba. Kafin nan na yi shekaru ina rubuta wasan rediyo a Tambuwal, sai wata ƙungiya ta ɗauke ni in rubuta ɗan gajeren fim na zane kan allurar rigakafin shanu. Mai zanen wata matashiya ce a Sakkwato, Malama Rabi. Ba mu taɓa haɗuwa ba, rubutun kawai na tura mata.

Ga wanda bai san aikin ba, rubutun katun yana da ƙa'ida. Kowace fitowa ana fara ta da layi guda na manyan baƙaƙe: ciki ne ko waje, wane wuri, wane lokaci. Sai bayanin duk abin da ido zai gani. Sannan sunan mai magana a tsakiyar shafi, maganarsa a ƙasa. Ni kuwa na raina bayanin nan. Abin da na rubuta kawai shi ne, "Makiyayi ya iso da shanunsa," na wuce ga hira, wadda a nan nake ganin gwanintata take.

Ranar gwajin, muka tara makiyaya a wani ajin firamare muka kunna katun ɗin. Ba a yi minti ɗaya ba aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ardonsu, dattijo mai sanyin magana, ya ɗaga sandarsa.

"Malam, shanun wa anka zana nan? Ba tozo, ga dabbare-dabbare. In na Turawa ne, allurar ma tasu ce. Mi ya kai namu ciki?"

Shugabar aikin daga ƙungiyar ta dube ni. Saura mako uku a fara rigakafin, kuma mutanen nan muke so su kawo garkensu.

A hanya na kira Malama Rabi da zafina. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Baba, a rediyo mai sauraro ne yake zana saniyar a ransa. A nan ni ce, kuma a birni na tashi. Abin da ba ka rubuta ba, hotunan intanet nake dubawa."

Gaskiyarta ce kuwa.

Washegari na hau babur na tafi rugar Ardo da littafi. Ya zagaya da ni cikin garke, yana nuna mini tozo da ƙaho da leɓe, da yadda makiyayi yake saɓa sanda a kafaɗa. Layi ɗayan nan ya zama rabin shafi. Malama Rabi ta sake zanen cikin kwana goma.

Da muka sake nunawa, babu wanda ya yi dariya. Ardo ya matso kusa da allon, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wagga kam tamu ce." Ranar allura shi ya fara kawo nasa.

Shi ya sa nake matsa muku kan tsarin shafi, ku da kuke shigowa aikin rubutun katun yanzu. Mai zane ba ya cikin kanka. Ka rubuta masa abin da ka gani da idonka, in kuma ba ka gani ba, ka je wurin masu abin su nuna maka.