Ranar da Kaka Ta Leƙa Huhun Ɓera

Goggona yanka huhun ɓera ne aikinta, da shi take ci, da shi take sha. Duk wanda na gaya wa sai ya yamutsa fuska, ni kuwa har gobe abin mamaki yake ba ni. A wani ɗakin bincike take, mai sanyi da warin magani. Za a kawo mata ɗan mitsitsin huhu, ta daskarar da shi cikin kakin kyandir, ta sa a inji ta yanko shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta shimfiɗa a gilashi ta rina. Matar da a gida ko tumatir ba ta iya yankawa daidai.

Tagwaye ne ita da babana. Yana yaro asma ta gasa masa aya a hannu, Kaka ta sha goya shi zuwa asibiti. Da ya fara gemu ciwon ya sake shi, a daidai lokacin kuma ya kama Goggo. Kaka ta ce kwaikwayo ne, ta ga ana lallashin ɗan'uwanta ita ma tana so. Ko ƙirjinta na kuka kamar kyanwa, sai Kaka ta ce raki ne, a tashi a yi shara. Goggo ta girma, ta yi karatu, ta haifi nata, amma idan Kaka na kusa sai ta juya baya kafin ta shaƙi maganinta. Wannan juya bayan yana min ciwo.

A wurin aikinsu ana shaƙa wa ɓeraye maza da mata ƙura iri ɗaya, a ga yadda huhun kowanne zai yi. Rannan mun kai Kaka gwajin ido, sai Goggo ta nemi izinin ogansu ta biyo da mu wurin aikin.

Ta ɗora gilashi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, na fara leƙawa. Ashe cikin ɗan abin nan akwai hanyoyin iska da ɗakuna birjik, kowanne da bangonsa. Ikon Allah sai kallo. A na namijin hanyar ta ɗan tsuke. A na macen bangon ya kumbura, majina ta cike ciki, sai 'yar kafa.

Goggo ta yi ta nanata cewa ɓera dai ba mutum ba ne, bincike bai ƙare ba. Kaka ba ta ma saurare ta ba. Ta kafa idonta mai kyau a madubin, ta daɗe.

"Ƙura ɗaya suka shaƙa?"

"Ɗaya, Inna."

"Ta wannan 'yar kafar take numfashi?"

Goggo ta gyaɗa kai. Kaka ta ɗago, ta ɗora tafinta a bayan Goggo tana shafawa a hankali, yadda Baba ya ce take yi masa yana yaro.

"Daga yau in za ki shaƙi maganinki," in ji ta, "kada ki sake juya min baya."