Ranar da Yaya Ya Lulluɓe Tukunyar Gas da Bargo

Tun ina ƙarami ban iya ganin abu yana juyawa in ƙyale shi ba, sai na kwance na ga abin da ke cikinsa. Halin nan ne ya kai ni jami'a na karanta aikin injuna, shi ne kuma ya sama min gurbi a wani kamfanin matse man gyaɗa a Kano. Daga Litinin zuwa Juma'a ina can, idan inji ya canja kuka ni ake kira. Ina son aikin, ba na ɓoyewa. Amma inda raina yake shi ne bayan gidana a Rano, ƙarƙashin wata rumfar kwano da na tara matattun injuna da nake tsintowa a wurin 'yan gwangwan. Akwai janareto, akwai injin markaɗe, akwai fanka mai fiffike ɗaya. Ranar Asabar nakan shimfiɗa buhu a tsakiyarsu in manta da cin abinci. Matata maƙabarta take kiran wurin. Idan na tayar da ɗaya na ƙwala mata kira ta zo ta gani, sai ta leƙo ta ce, “To, Allah ya sa albarka. A dai wanke hannu kafin a taɓa min labule.”

Yayana kuwa manomi ne. Shi ya riƙe gona da gida bayan rasuwar mahaifinmu, ni aka bar ni na yi ta karatu. Yana zaune da Inna, mahaifiyarmu, da iyalinsa a ƙauyenmu kusa da Kibiya. Da damina dawa da masara, da rani albasa a fadama. Mutum ne marar yawan magana, amma idan ya ce zai yi abu, an gama.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, Yaya ya riga ya dasa albasarsa, ta kama, ta yi kyau. Sai dai albasa ruwa take so, ruwan kuma injin ban-ruwa ke ɗago shi, injin kuma fetur yake sha. Ya fara tsallake kwanakin ban-ruwa. Bakin ganyen ya fara ƙonewa. Wata Juma'a da yamma na je gaida Inna, na tarar idonta ya yi ja. Da na matsa mata, ta ce Yaya ya yi magana da wani direba mai zuwa Kudu. Zai bar albasar ta mutu, ya tafi neman aikin ƙarfi.

“Mutum da furfura a gemu,” in ji ta. “Ina ya sani? Wa ya sani a can?”

Na sami Yaya a gindin dalbejiya a ƙofar gida, na ce zan riƙa sayo masa man. Ya yi min wani kallo da ya sa na haɗiye sauran maganar. Yaya ba ya yarda a ɗauke shi, shi ya saba ɗaukar mutane. Sai na sauya hanya.

“Yaya, ka ba ni zuwa Asabar mai zuwa. Idan injinka bai tashi babu fetur ba, ni zan raka ka tasha.”

“Da me zai tashi? Da kunu?”

“Da gas ɗin girki.”

Ya ce, “Kai dai boko bai bar ka da lafiya ba.” Amma bai ce a'a ba.

A lokacin mutane a Kano sun fara mayar da janareto kan gas saboda ya fi sauƙi, ni kuma na san cikin injin ban-ruwa da na ƙaramin janareto duk abu ɗaya ne. Abin da ake canjawa shi ne kafireta, wato wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Na sayo mai karɓar gas, na dawo maƙabartata, inda dama akwai wani tsohon injin ban-ruwa da na farfaɗo da shi a baya. Tukunyar gas ɗin matata na ara, ba tare da na tsaya neman izini ba. Ja na farko ya yi tari. Na ɗan juya noti, na sake ja, sai ga shi yana kuka lafiya lau, ba hayaƙi, ba wari. Wallahi tsalle na yi, ni kaɗai, da baƙin mai har goshi. Matata ta fito ta tsaya tana kallona, ta bari na gama murnata, sannan ta ce shinkafarta na jiran tukunya.

Ranar Asabar na ɗaure wata sabuwar ƙaramar tukunyar gas da na sayo a bayan babur na nufi fadama. Labari ya riga ni isa. Manoma sun taru, amma kowa ya tsaya can nesa a kan kunya, kamar masu kallon dambe. Wani dattijo mai lambu kusa da na Yaya, wanda kowa ke ce wa Malam, shi ne ya fi kowa baki.

“Injiniya, bom ka kawo mana?”

“Bom ɗin da ake dafa maka shayi da shi a kasuwa, Malam.”

Na ɗaura kafireta, na haɗa tiyo, na matse. Sannan na kaɗa sabulu a ruwa na shafa wa duk wata mahaɗa, na sa Yaya ya tsuguna ya duba tare da ni. Idan kumfa ta yi ƙwai tana girma, gas na fita. Wannan ita ce shawarar da nake ba kowa har gobe, mai lambu ko mai girki: sabulu da hanci ake neman yoyon gas da su, ba ashana ba. Tukunya kuma a tsaye take zama, ba a kwantar da ita.

Na ce Yaya ya ja da hannunsa. Ya yi bisimilla ya ja. Injin ya ɗauka, tiyon ruwa ya kumbura, ya yi ɗan shiru, sai ruwa ya yi tsartuwa ya faɗa fangalin farko. Fadama ta kaure da kabbara. Waɗanda suka tsaya nesa suka matso, har da mai taɓa tukunyar da ɗan yatsa ya ji ko ta yi zafi. Ni kuwa bakina har kunne. Na koma Kano ranar Litinin ina jin babu injiniya kamata a faɗin jihar nan.

Tsakiyar mako, da sassafe, ina shirin shiga kamfani, wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

“Tukunyar nan taka ba ta da lafiya.”

“Me ya same ta?”

“Sanyi ya kama ta. Jikinta ya yi fari da ƙanƙara, injin kuma sai ya yi ta shaƙewa ya mutu. Jiya ma haka ta yi. Na lulluɓe ta da bargo, amma abin sai gaba yake yi.”

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na jiyo muryar Malam daga can baya yana cewa a ƙaro kara.

“Yaya, karan me?”

“Wuta za mu haɗa mata ta ɗan ji ɗumi.”

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. A bakin ƙofar kamfani na tsaya ina ihu, mai gadi yana kallona.

“Don girman Allah kada a kunna! Ka rufe kan tukunyar! Ka karɓe ashanar daga hannun Malam! Yaya, kana ji na?”

“Ina ji. Ai ba kurma ba ne ni.”

“Ka rantse ba za a kunna ba har in zo.”

Ya ce ya ji, ya kashe wayar. Na nemi izini wurin shugabana, na faɗa motar Rano. Ban taɓa ganin nisan Bunkure irin na ranar ba. Duk fasinjan da ya ce a tsaya zai sauka, sai in ji kamar in sauke shi da kaina. Daga Rano na ɗauki babur, ban ko shiga gida ba.

Na tarar da tarin kara a gefe, ba a kunna ba. Na yi hamdala. Tukunya kuma ga ta nan a naɗe cikin bargon Yaya mai hoton damisa, an ɗaure mata wuya da igiya, sai kanta kawai a waje. Dariyar da na riƙe tun Kano ta zo min, amma da na kalli Yaya sai ta koma. Yana zaune a bakin fangali ya haɗa kai da gwiwa. Rabin lambun bai sha ruwa ba, ƙasa ta fara tsagewa.

“Na gode da ƙoƙarinka,” ya ce, bai ɗago ba. “Amma abin da ke mura da safe ba zai raini albasa ba. Direban nan jibi zai tashi.”

Na zauna kusa da shi. Na ce masa sanyin ba daga waje yake shigarta ba, daga cikinta yake fitowa. Gas ɗin da ke ciki ruwa-ruwa ne, kafin ya zama iska sai ya zuƙi zafi daga jikin tukunyar. Inji yana ja da yawa, tukunya ƙarama, ga sanyin safiya, sai ta ƙanƙare ta kasa bayarwa. Ranar da muka gwada, cike take, rana kuma na dukanta.

“To ai shi ya sa na rufa mata bargo.”

“Yaya, bargo ba ya ba da zafi. Abin da ya tarar a ciki shi yake tsarewa. Kai idan ka rufa, zafin jikinka yake riƙe maka. Ita sanyi ya tarar, shi ya riƙe mata.”

Malam ya ce, “Ikon Allah! To mene ne maganin?”

“Wanka. A cikin ruwa za mu tsoma ta.”

Suka kalli juna. Yaya ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an tsoma mai jin sanyi a ruwa ba. Na tambaye shi yadda yake jin ruwan rijiya idan ya ɗebo da asuba zai yi alwala. Ya yi tunani, ya ce da ɗan ɗuminsa. Na ce to ɗumin nan kaɗai take nema.

Akwai rabin duro da yake jiƙa iri a ciki. Muka kwance bargo, muka tsayar da tukunyar a cikin duron, muka ɗaure ta da turke don kada ta kife. Amma ban zuba ruwan ba tukuna, so nake su gani da idonsu. Rana ta riga ta narkar da ƙanƙarar, saboda haka injin ya tashi. Muka zuba ido. Can sai raɓa ta fara tsattsafowa a jikin tukunyar, ƙasanta ya fara fari, kukan injin ya fara rawa.

“Ka gani ko?” in ji Yaya. “Ta fara.”

“Juyo tiyon nan, Yaya. Cika mata zuwa ƙugu.”

Ya juya ruwan cikin duron. Farin ya narke nan take. Injin da ke shirin shaƙewa ya gyara murya, ya miƙe, ruwa ya ƙara ƙarfi har yana tsallake bakin fangali. Malam ya cire hula ya riƙe a hannu yana salati. Ni kuma ina ta zagaye duron ina cewa, “Kun ji? Kun ji kukan?” kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na yanka wani ɗan siririn tiyo na haɗa, yadda sabon ruwa zai riƙa shiga duron tsohon yana malala zuwa cikin albasa.

Yaya ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki fartanya, ya shiga buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali. Ban yarda na tafi ba. Muka yi azahar a gindin mangwaro injin yana kuka, muka idar yana kuka. Duk bayan ɗan lokaci Yaya yakan zo ya tsoma hannu a duron, ya shafa jikin tukunyar, ya koma. Da ruwa ya isa fangalin ƙarshe, can kusa da shingen Malam, sai ya tsaya ya dogara da fartanya ya daɗe yana kallon lambun.

“Gobe da asuba ma haka za ta yi?”

“Haka za ta yi, in Allah ya yarda. Zan kwana mu tayar tare. Asabar kuma in kawo maka babbar tukunya.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, yana kallon ruwan ba ni ba, “Hau babur ɗinka ka je gida. Ka ce wa Inna ta daina kukan nan. Ba inda za ni.”

Ban san yadda na isa ƙauye ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar wake. Ko sallama ban gama ba na faɗa mata. Ta ajiye faifan a hankali, ta sa bakin zane ta goge fuska, ta goge, ta sake gogewa. Na zaci addu'a za ta fara. Sai ta miƙe ta nufi madafa tana faɗa.

“Kuka bar shi tun safe a cikin ruwa, ko karyawa bai yi ba! Tsaya nan, kada ka cire takalmi. Furarsa za ka mayar masa.”