Akawu da Kibod Mai Fitila

Shekara arba'in da ɗaya Akawu ya yi yana buga wa mutane wasiƙa a wani ɗan shago da ke kallon gidan waya. Bai taɓa aiki a ofishin kowa ba, amma tun yana saurayi aka laƙaba masa Akawu, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Shagon ba wani faɗi gare shi ba: tebur, kujerarsa, bencin mai kawo magana, da ƙusa a bango inda yake rataye hula in zafi ya yi. Da tafireta ya fara, irin mai nauyin nan da sai ka daki harafi kamar kana fushi da shi. Ita ta sa kan yatsunsa suka yi kanta, har ya zama ko allura ta soke shi a wurin ba ya ji. Da zamani ya juya, ya koma kwamfuta, bai yi gardama da kowa ba.

Doka ɗaya gare shi: ba a karanta wasiƙar wani. Fuskar kwamfutar shi kaɗai take kallo. Takarda a kife take fitowa daga firinta, a kife yake ninke ta, ya sa a ambulan ya liƙe. Adireshi kuwa a gidan waya ake rubutawa. Kafin ya fitar da takarda yakan maimaita wa mai ita abin da ya faɗa, kalma bayan kalma, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne shekara uku ke nan idonsa yana tafiya. Ya fara kamar hayaƙi a gefe, ya yi ta ci, har ya zama haske da duhu kawai yake rabewa, sai inuwar mutum in ya tsaya a ƙofa. Ɗakinsa yana bayan shagon, ƙafarsa ta san hanya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Autarsa, wadda take aikin jinya a asibiti, ba ta da magana sai ta ya bar aikin nan ya koma gidanta. Ya san ranar da ta gane, ranar za a sa wa shagon kwaɗo, a kai shi ɗakin baƙi a zaunar da shi gaban rediyo. Shi ya sa ya yi shiru.

Aikin bai tsaya ba, don tun asali ba da ido yake yin sa ba. In ya zauna, sai ya jingina gefen tafin hannunsa na hagu da bakin kibod, yatsu huɗu su faɗa inda suka saba. Manyan yatsu su taɓa juna, hannun dama ya sami wurinsa. Akwai ɗan tudu da ake yi wa haruffa biyu don mai bugu ya lalubo su, amma kantar yatsunsa ba ta bari ya ji shi. Da bakin kibod yake awo, da kunne yake tabbatarwa: harafin da ya yi ƙara ya shiga, wanda bai yi ba bai shiga ba.

Wata damina rufi ya yi yoyo a kan tebur, tsohon kibod ɗin ya sha ruwa ya mutu. Ranar hutunta Auta ta ɗauke shi zuwa kantin kayan kwamfuta. Ya dafa kafaɗarta a matakala, ya ce gwiwa ce.

Mai kantin mutum ne mai tumbi da yawan zance. Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Wasa za a yi ko aiki?"

"Na yi maka kama da mai wasa?"

"Kada ka ce haka. Akwai wanda ya fi ka furfura, wuni yake yana harbin dodanni, matarsa ta gaji da kiran sa cin abinci."

Ya miƙo wani siriri mara nauyi. Akawu ya shafa bayansa ya ce, "Ina igiyarsa?"

"Ba shi da igiya, batir yake ci."

"In batir ya ƙare ina tsakiyar maganar mutum, wa zai gaya mini? Kawo mai igiya."

Aka kawo wani gajere. Ya bi shi da hannu zuwa dama, bai tarar da rukunin lambobi ba. "Wannan an yanke masa hannu. Cikakke nake so."

Sai mai kantin ya jera uku a kan kanta, duka cikakku, duka masu igiya, duka masu nauyi. Ya zare hular harafi ɗaya daga kowanne don ya nuna abin da ke ƙasa. Ya ce, "Ka ga na farko ja ne, na biyu ruwan ƙasa, na uku shuɗi. A nan bambancin yake." Akawu ya gyaɗa kai kamar ya gani.

Ya ɗora yatsu a kan jan. Maɓallin ya sulale ƙasa sumul, ba cijewa, ba ƙara. Mai kantin ya ce shi masu wasa suka fi so, don ko numfashi ka yi a kansa ya amsa.

Akawu ya ce, "Kamar ka yi sallama a gida a yi maka shiru. Ban sani ba ko na shiga ko ban shiga ba."

Mai ruwan ƙasan ya ɗan cije a tsakiya kafin ya sauka. Akawu ya daɗe yana danna shi, kunnensa a karkace. "Wannan yana son magana, kunya ta hana shi."

Da ya taɓa shuɗin, sai ya ji ƙas. Ya sake, ƙas. Ya gyara tsayuwa, ya jingina tafinsa da baki, ya saki yatsu goma. Kantin ya cika da ƙara kamar ruwa a kan kwano, har masu sayayya suka waiwayo. Auta ta ga abin da ta daɗe ba ta gani ba a fuskar ubanta.

Ya ce, "Wannan."

Auta ta ce, "Maƙwabta za su kai ƙararka, Baba."

"Maƙwabcina tela ne. Kekensa ya fi wannan rashin kunya."

Mai kantin ya ce a dakata, akwai babban yayansu. Shi ma shuɗi ne, murya ɗaya, amma kowane harafi da fitila a ƙarƙashinsa. Akawu ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce ba gidan rawa zai buɗe ba, ya laluba ya fita ya zauna a bencin waje, ya bar Auta ta ƙarasa.

Ita kuwa Auta ta daɗe da lura yana kawo kofi kusa da fuskarsa kafin ya sha. A ganinta idon ya ɗan yi rauni ne irin na tsufa, haruffa masu haske za su taimake shi, kuma tausayin aljihunta ne ya sa ya ƙi. Sai ta ce a naɗe mata mai fitilar. Ba ta kula ba, mai kantin ma bai ga abin faɗa ba, cewa wannan yana da ƙarin layin maɓallai guda a gefen hagu, wanda aka yi don masu wasa.

A shago ta jona shi da kanta. Haske ya bi haruffan, kore, ja, shuɗi, yana tafiya kamar ruwa. Ta tsaya tana jiran ya yi faɗa ko ya yi dariya.

"Baba, ka gani?"

Ya danna harafi ɗaya, ƙas. "Na gani. Muryarsa ce. Allah ya yi miki albarka."

Ta ɗauka ya haƙura ne, ta tafi da farin ciki.

Washegari da hantsi Tela ya shigo. Shekara talatin bango ɗaya ya raba su, kuma ba a taɓa wayar garin da ba su tsokani juna ba. Ranar bai tsokana ba. Ya zauna a benci ya ce, "Akawu, yau ni ne mai wasiƙa."

Ƙaninsa ne yake kwance a asibitin wani gari mai nisa. Shekara goma sha tara ba sa magana, tun ranar da Tela ya ce masa a gaban mutane shi ba ɗan'uwansa ba ne.

Akawu ya ce, "Ka kira shi a waya mana."

"In ya ji muryata zai kashe. In bai kashe ba, bakin nan nawa zai sake ɓata abin. Takarda ba ta mayar da magana."

Akawu ya jingina tafinsa da bakin sabon kibod, yatsu suka faɗa. Bai san awon ya gusa da layi ɗaya ba, kowane yatsa yana kan maƙwabcin harafinsa. Tela ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Akawu bai gaggauta shi ba. Sau biyu ƙaramin yatsansa ya ji kamar wurin ya canza, ya ce sabon abu ne, za su saba. Kowane bugu ya yi ƙararsa tsaf. Da aka gama, ya fuskanci kwamfutar ya maimaita:

"Ƙanina, ni ne Yayanka. Maganar da na faɗa ranar nan ƙarya ce, tun kafin ta gama fita daga bakina na san ƙarya ce. Rigar da na fara ɗinka maka tana nan, hannu ɗaya ya rage. In ka ce in zo, zan zo. In ba ka ce ba, ka yafe mini daga nan."

Har ƙarshe ya kai, bai bar kalma ba. Tela ya goge ido, ya ce ƙurar yadi ce. Maɓallan fitar da takarda daga gefen lambobi Akawu yake lalubo su, can kuwa ba abin da ya canza. Takarda ta fito a kife, aka ninke ta a kife.

Tela ya yi ta jiran a ce ya zo. Kwana goma sha biyu, sai saƙon rasuwa ya iso.

Ranar da ya dawo daga can, Auta tana shagon, ta kawo wa ubanta abinci. Tela ya shigo ba sallama, ya ajiye takarda a kan tebur. "Karanta mini."

Akawu ya gane muryar, ya gane ninkin da yatsunsa. Ya buɗe, ya ɗaga ta gaban fuskarsa. "Ƙanina, ni ne Yayanka. Maganar da na faɗa ranar nan..." Ya tafi har ƙasa, a hankali, yadda ya saba.

Auta ta leƙa ta kafaɗarsa. Haruffa ne cunkushe, manya da ƙanana, ba kalma ɗaya da mutum zai iya furtawa.

Ta ce, "Baba, takardar a juye take a hannunka."

Ya sauke ta a hankali.

Tela ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Tela ya ce, "Mutum huɗu aka kira su karanta wa ƙanina. Wani ya ce yaren waje ne. Wani ya ce inji ne ya lalace."

Akawu ya kai hannu kan kibod, ba don bugu ba. Ya bi bakinsa na hagu da bayan yatsa, inda fatar take ji. Ya tarar da ƙarin maɓallai a jere daga sama zuwa ƙasa, guda shida. "Waɗannan daga ina?"

Auta ta durƙusa gefen kujerarsa. "Ni ce, Baba. Ba wanda ka zaɓa na ɗauko ba. Mai fitilar na ɗauko, don ka riƙa ganin haruffa."

Hasken yana ta wucewa a ƙarƙashin yatsunsa.

Ya ce, "Ashe fitila gare shi."

Sai ta fashe da kuka. Ya lalubo kanta ya dafa. "Tashi, Auta. Kin tambaye ni, na ce na gani. Laifin ba naki ba ne." Ya juya wajen inuwar da ke kan benci. "Ƙaninka ya ce wani abu?"

Tela ya ce, "Matarsa ta ce ya ga sunana a bayan ambulan. Ya tambaya layi nawa ne, aka ce ashirin da shida. Ya ce, Yaya bai taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba. Ya sa ta ƙarƙashin matashi. Ko zagi ya ɗauka, ko ban haƙuri, ban sani ba. Ba kuma zan sani ba."

Ya ɗauki takardarsa ya fita. Akawu ya sunkuya ya zare igiyar, ya naɗe ta a jikin kibod ɗin zagaye-zagaye, ya miƙa wa Auta. Ya faɗa mata mutum uku da ya buga wa wasiƙa a kwanakin nan, ya ce a nemo su a gaya musu gaskiya. Sannan ya laluba ƙusar ya sauke hularsa.

Yanzu yana ɗakin baƙi na gidan Auta. Akwai rediyo, ba ya cika kunnawa. In ana hira a tsakar gida, yatsunsa sukan yi ta motsi a kan gwiwarsa, suna buga abin da ake faɗa.

Wata biyu Tela bai zo ba. Wata rana da la'asar aka ji sallamarsa. Ya zauna bakin gado, ya ce ɗakin ya fi ƙarfin talaka irin Akawu. Akawu ya ce ai shi ya sa ba a gayyaci tela ba.

Can Tela ya ce, "Karanta mini."

Ba takarda a hannun kowa. Akawu ya gyara zama, ya ɗora yatsu a gwiwa, ya fara: "Ƙanina, ni ne Yayanka."